Hancin Ɗaki na Uku

Shekara uku na yi ina aikin alade, ba wanda ya sani a masallacinmu na Sterling. In an tambaye ni sai in ce kamfanin na'urorin gona nake wa aiki. In mai tambayar ya cika naci, in ƙara masa da cewa harkar dabbobi ce. Alade ai dabba ne, saboda haka ban yi ƙarya ba, haka nake lallashin kaina. Matata Uwani kaɗai ta san gaskiya, ita ma ba ma kiran sunan a gida. Sai dai ta ce, "Yau za ka wajen mutanenka?" in ce eh.

Sunana Abdulmumin, injiniyan lantarki ne ni, ɗan Zariya. Karatu ya kawo ni ƙasar Turawan nan a 2006. Da na gama, wata goma sha ɗaya na yi ina kai mutane filin jirgin Dulles a mota, da digiri biyu a akwati, kafin wata mata mai suna Irene ta ɗauke ni aiki a ɗan kamfaninta da ke Manassas. Mu shida ne duka. Ranar da ta gaya mini irin dabbar da muke wa aiki sai na ce ba komai. A lokacin Uwani tana da cikin 'yarmu Nafisa wata bakwai.

Aikinmu shi ne mu sa wa ɗakin alade kunne da ido da hanci, don mai gona ya san abin da ke ciki ko yana kwance a gidansa. Kunnen na ƙirga tari, in tarin ya yi yawa a san cuta ta shigo. Idon na kallon dabba ya faɗi nauyinta ba tare da an ɗora ta kan sikeli ba. Akwai mai auna zafi, akwai mai auna ruwan da suka sha. Duk suna aiko da rahoto cikin wayata, kowanne da layinsa. Amma hancin shi ne mai riƙe da ran mutum.

Ƙarƙashin kowane ɗaki akwai rami, faɗinsa faɗin ɗakin, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Daɓen siminti ne mai tsaga-tsaga, kashi da fitsari na zuba ta tsagar, su taru wata da watanni. Sau biyu a shekara ake zuwa da babbar tanka a dama shi, a zuƙe, a kai gona taki. Lokacin damawar ne wata muguwar iska ke tashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In kaɗan ce, za ka ji warin ka gudu. In ta yi yawa, hancinka take fara kashewa, ka daina jin komai, ka ɗauka lafiya lau, numfashi biyu ko uku sai ka faɗi. Don haka muke rataya na'ura can tsakiyar ɗakin, ba ta fi gwangwanin madara ba, tana shinshinar iskar. A saman ƙofa akwai fitila. Kore na nufin shiga, ja kuwa da jiniya yake zuwa.

Na'urar nan tana da aibi ɗaya, kuma na san shi fiye da kowa a kamfanin. Maganin da ke cikinta bushewa yake in ya shekara biyu. In ya bushe ba ta ihu, ba ta cewa na mutu. Sifili kawai take aikowa, sifili kuwa shi ne abin da lafiyayyar na'ura ke aikowa in iska tana da tsabta. Fitila sai ta ci gaba da zama kore.

Gonar da aka ba ni tana can bayan Manassas, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gidana. Ɗaki uku ne dogaye, kowanne da alade dubu da ɗari biyu. Mai gonar wani dattijon Bature ne marar yawan magana, amma mai riƙe da ɗakunan Constance ce. Ranar farko da na sauka daga mota ina gyara hula, sai na ji murya a bayana da Hausa tsantsa.

"Ikon Allah! Malam, ɓatan hanya ka yi ko kuwa?"

'Yar Kafanchan ce, ta kusa hamsin, gajeruwa, da takalmin roba har gwiwa. Tun tana yarinya take kiwon alade a bayan gidansu. Mijinta ya rasu tun a gida, ta zo da 'yarta guda, Olive, suna zaune a Manassas. Ina ce mata Maman Olive, tana ce mini Malam, duk da ko almajirin kirki ban kai ba. Ta san aladen nan fiye da na'urorina. Sau da yawa kafin kunnenmu ya gama ƙirga tari, ta riga ta ware marar lafiyar. Ta raina kayan aikina ƙwarai, ban da guda ɗaya. "Wannan kam ina ganin girmansa," in ji ta. "Hancin Malam ke nan. Nawa hancin ya tsufa a cikin warin nan, ko ƙwai ya ruɓe a aljihuna ba zan ji ba."

Sau ɗaya tak na taɓa shiga ɗakunan, a watana na farko. Na sa rigar aikin gonar, na sa takalmin roba, na yi awa biyu ina ja da wayar lantarki, na fito na yi wanka a can, na sake yi a gida. Washegari Juma'a ce. Ina cikin sahu, Alhaji Umaru, wani dattijo mai shagon nama da kowa ke girmamawa, ya ja hanci sau biyu a gefena. Bayan sallama ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce, "Injiniya, wai waɗanne irin dabbobi ne kuke kiwo a wajen naku?" Na ce kaji. Wannan kam ƙarya ce, ba ta da wani suna. Warin alade yana shiga gemu, yana shiga gashin kai, ya kwana uku bai fita ba. Tun daga ranar ban sake taka ƙofar ba. Na so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma na san addinina daidai gwargwado: ƙazanta ce, ruwa na wanke ta, ba cin naman aka ce in yi ba. Hancin Alhaji Umaru nake tsoro.

Constance ta gane tun ban faɗa ba. Da lokacin sa hanci a ɗaki na uku ya yi, ta same ni ina zagaya ƙofa da kwali a hannu kamar mai neman adireshi. Ta miƙo hannu.

"Kawo, Malam. Kusa nawa ne?"

"Huɗu. Sai ki ja wayar ki soka wannan."

"Shi ke nan? A kan wannan kake zufa? Yi sauri, yau ake bikin gama sakandaren Olive, ƙarfe biyu nake son in bar nan."

Ta shiga, ta fito kafin in gama duba layin a wayata. Daga ranar haka muka riƙa yi. Duk abin da ke bukatar a shiga ciki, ita ke yi, ni ina ofishin gonar ina kallon allo, in cike takarda in sa hannu cewa ni na yi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ladanta shi ne tsokana. "Malam mai kiwo daga nesa," take ce mini. Nakan kai mata kilishi in an zo da shi daga gida, ita kuma ta aiko wa Uwani acca. Na ji daɗin matar nan ƙwarai. A duk faɗin aikin ita kaɗai ce ba na ɓoye wa komai.

A watan Oktoba na 2016 hancunan uku suka wuce wa'adinsu. Na ɗaki na ɗaya da na biyu Constance ta canza su. Na ukun bai iso da wuri ba, sai ranar Alhamis. Irene ta ajiye mini kwalin a tebur, ta ce lallai ya hau kafin ƙarshen mako, domin Laraba mai zuwa za a dama ramukan. Na ce an gama. Abin da ban gaya mata ba shi ne, tun sati uku layin ɗaki na uku ya miƙe a wayata kamar an ja shi da rula. Rayayyen hanci ba ya haka, kullum yana ɗan motsi sama da ƙasa. Na gani, na gane, na ce ai sabo na hanya.

Ranar Juma'a na yi wanka, na sa farar shaddata, na fesa turare, na kama hanya da safe. Lissafina in miƙa wa Constance kwalin, in juyo in samu huɗuba. Da na isa motarta ba ta nan. Mai gonar ya leƙo daga kan tarakta, ya ce ta je asibiti a duba mata gwiwa, sai gobe. Ya nuna mini ɗakin wanka da hannu, ya ce rigar aiki na nan a rataye, ya ci gaba da abin da yake yi.

Na tsaya a ƙofar ɗaki na uku da kwali a hannu. Fankoki na ta huci, iskar da suke fitarwa tana dukan gefen rigata, na matsa. Ta cikin ƙofar ina jin gurnaninsu. Na duba agogo, goma da kwata. Lokaci ya isa in shiga, in fito, in yi wanka, in isa masallaci har in yi nafila. Na duba fitilar, kore shar. Ba zan iya roƙon mai gonar ya rataya mini ba, domin zai tambayi wa ke ratayawa duk shekarun nan. Na ce a raina: dama ba sai Laraba ba? Litinin in dawo in ba Maman Olive, ba wanda ya rasa komai. Na mayar da kwalin but ɗin mota, na buɗe takardar aiki a waya. Irene tana jiran ta ga na cike ta kafin yamma. Na danna "an canza", na sa sunana.

Na samu sahun gaba ranar. Alhaji Umaru har ya yaba turarena.

Na yi niyyar kiran Constance bayan salla in ce mata kada ta yarda da fitilar ɗaki na uku. Wallahi na yi niyya. Amma waya a kashe take a masallaci, da aka fito kuma gaishe-gaishe suka ɗauke ni, daga nan wani ya ja mu cin shinkafa. Na tuna da la'asar, na ɗauki wayar har na nemo sunanta. Sai na ji nauyin abin da zan faɗa, cewa na zo har ƙofa na kasa shiga, kuma na san dariyar da za ta yi mini. Na ajiye, na ce Litinin ma rana ce.

Abin da ban sani ba, an yi hasashen ruwan sama daga Lahadi har tsakiyar mako. Mai tankar ya kira mai gonar, ya ce in ƙasa ta jiƙe motarsa ba za ta shiga gona ba, gara ya zo Asabar da safe.

Asabar da hantsi muna shagon Alhaji Umaru ni da Uwani, ana yanka mana naman rago, wayata ta yi ƙara. Irene ce. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce in duba ɗaki na uku. Na duba, komai kore, layin hanci a miƙe. Ta ce Constance tana cikin jirgin asibiti mai saukar ungulu, kuma ba ta numfashi da kanta. Na dafa gilashin naman, Alhaji yana tambayata ko a sa mini ƙashi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ƙa'ida ce ba a shiga ɗaki in ana dama rami, Constance kuwa ta fi kowa kiyaye ta. An gama na ɗaya da na biyu lafiya. A na biyun ma jiniya ta yi kuka, aka tsayar da injin, aka jira fitila ta koma kore, aka ci gaba. Da aka zo na uku, can cikin aiki sai aladen ƙarshen ɗakin suka fara kururuwa, sannan suka yi tsit. Ta ɗauka wani ne ya maƙale a ƙarfen shinge. Mai tankar ya ce ya gan ta ta tsaya a ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi fitilar, sannan ta shiga. Bai ga fitowarta ba. Da ya leƙa ya hango ta a ƙasa, Allah ya ba shi hankalin kashe injin da buɗe labulen gefe kafin ya shiga ya jawo ta. Alade tamanin da ɗaya suka mutu a wajen.

Ta kwana biyu a kan injin numfashi. Na je asibitin sau biyu da kwalin nan a but, na kasa fitar da shi, na kasa jefar da shi. Olive, wadda a lokacin take shekara ta uku a jami'a, tana zaune a bakin gadon. Ta taso ta rungume ni tana kuka. Tana jin Hausa sarai, domin da ita uwar ke yi mata faɗa, amma da Turanci take amsawa, kuma ba ta iya karanta ta ba. Ta ce mamanta kullum tana zancena a gida, tana cewa hancin Malam na gadinta. Na ce Allah ya ba ta lafiya. Na yi addu'a a kwana biyun nan irin wadda ban taɓa yi wa uwata ba, kuma ina ji a jikina rabin addu'ar kaina nake yi wa. Litinin da azahar likitoci suka cire injin.

Irene ta kira ni ofis, idonta ya kumbura. Ta ce kada in ɗora wa kaina. Takarda ta nuna na canza hancin ranar Juma'a, saboda haka sabon ne ya zo da matsala daga masana'anta, kuma za ta bi su har inda ƙarfinta ya ƙare. Ta dafa kafaɗata. Na gyaɗa kai. A gida Uwani ta dube ni ta ce, "Baban Nafisa, ka shiga ɗakin nan ranar Juma'a?" Na ce ta bar ni da abin da ke damuna. Ba ta sake tambaya ba, amma ita ke wanke mini kaya, ta san shaddar nan turare kawai take yi.

Laraba aka kira mu gonar. Wata jami'a ta zo daga hukumar da ke binciken haɗarin wurin aiki, da littafi da kyamara. Ta ce tunda ni na rataya na'urar, ni zan sauko da ita a gabanta. Na sa rigar aiki, na sa takalmin roba, muka shiga. Aladen da suka rage suka dare gefe, sannan suka dawo suna shinshinar ƙafata. Na ƙirga takuna, arba'in da ɗaya ne daga ƙofa zuwa ginshiƙin. Kusa huɗu, waya ɗaya. Na duba agogo da muka fito, ban cika minti biyar ba.

A ofishin gonar muka tarar da Irene da mai gonar, da Olive wadda ta zo kwashe kayan uwarta: rediyo, kofin shayi, da wani tsohon gyale. Jami'ar ta ɗora na'urar a tebur. Ƙura da ƙuda sun yi mata baƙi, lambar jikinta ta cinye, amma a ɗakin alade kwana biyar ma na iya yi wa abu haka, ba wanda ya yi mamaki. Ta juya bayanta tana gogewa da tsumma. Sai ga farin salatif manne a jiki, da rubutun baƙin alƙalamin maka a kai, layi biyu.

"Rubutun mamana ne," in ji Olive.

Jami'ar ta karkata kai, ta gwada haɗa baƙaƙen, ta kasa. Ta tambayi wane yare ne. Olive ta ce Hausa. Duk suka juyo suka dube ni. Ba lamba ko ɗaya a rubutun, ba kwanan wata. A ɗakin nan ni kaɗai ne zan iya karanta shi, kuma duk abin da na ce shi za a rubuta a littafi. Zan iya cewa addu'a ce. Har na ji kalmar ta hau harshena.

Olive ta ajiye kwalin kayan, ta matso kusa da ni. Ta yi ƙoƙari ta haɗa Hausar da bakinta, abin da ban taɓa ji ta yi ba.

"Kawu, karanta mini. Yadda ta rubuta."

Na ɗauki na'urar. Na karanta da ƙarfi, yadda ta rubuta.

"Na rataya wa Malam ran bikin Olive, kada rigarsa ta ɓaci."

Ta yi ɗan murmushi da farko, domin muryar uwarta ta ji. Sannan na ga murmushin ya tsaya. Jami'ar tana tambaya me aka ce, Irene ma tana tambaya, ba wanda ya kula su. Olive ta dubi na'urar, ta dubi takardar da ke gaban jami'ar mai ɗauke da sa hannuna, ta dawo da idonta kaina. Ta koma Turancinta, a hankali.

"Bikina ai ya fi shekara biyu."

Na ce haka ne.

"To ina sabon?"

Na laluba aljihun rigar aikin, na ciro makullin motata, na ajiye a kan tebur. Na ce yana but, ko ledarsa ban yage ba.